Goggo da Manda a Ƙasar Marwa

Na daɗe ina juya wannan magana a raina kafin in yarda in rubuta ta. Tsoron giba ne ya tsayar da ni. Tun da aka ƙaddamar da shari'a a jiharmu wa'azi ya yawaita, kullum ana ja mana kunne a kan ambaton mutum a bayan idonsa, ni kuwa babu yadda zan ba da labarin nan ban taɓa halin Goggo ba. Na tambayi limamin unguwarmu, ya ce in dai don neman gyara ne babu laifi. Hankalina bai kwanta ba, na sake tambayar wani malamin, shi kuma ya ce in je in nemi izinin mai ita. Na je na same ta tana kaɗa nono. Ko kallona ba ta yi ba ta ce, "Rubuta mana, Kaɗo. Ka sa har da cewa ba ka iya miya ba."

Sunana Sale, masinja ne ni a wata ma'aikata a Dutse, karatuna a firamare ya tsaya. Goggo ƙanwar mahaifina ce, ita ta raine ni a rugarmu da ke gabas da Kafin Hausa bayan rasuwar mahaifiyata. Da aka kawo ni gari makaranta sai Fillanci ya zube daga bakina, gaisuwa kawai ta rage. Shi ya sa har yau take kirana Kaɗo, wato Bahaushe.

Ciwon ya faro mata a shekarun da ake fama da wahalar man fetur. Da farko ciwon ƙeya ne da jiri. Wani mai kemis ya ɗaura mata abin awo a damtse ya ce hawan jini ne. Da ta ji an ce jini ya hau, sai ta kira wanzami ya yi mata ƙaho don a rage shi. Daga baya ƙafafu suka kumbura, in ka danna ƙaurinta da yatsa sai rami ya zauna kamar a cikin tuwo. Numfashi ya gagara, kwanciya ta gagara, sai dai ta jingina da buhun gero ta yi gyangyaɗi a zaune. Na ce mu je Kano. Ta ce a asibitin Kano mijinta ya cika, ba za ta bi shi ta ƙofa ɗaya ba. Wani mai fataucin shanu ya gaya mata akwai asibiti a bayan garin Marwa, a ƙasar Kamaru, inda ma'aikata ke jin Fillanci. Shi ke nan magana ta ƙare. Aka sayar da bijimi, aka ɗora mini ita.

Daga Azare zuwa Maiduguri ban san sau nawa direba ya tsaya sayen mai a galan a gefen hanya ba. Duk tsayawa sai zafi ya rufe motar, numfashin Goggo ya riƙa fita da ƙara kamar ana zuga wuta. Ni kuma ina ta lissafin abin da zan gaya wa dangi idan ta cika a hannuna a garin da ba mu san kowa ba. A Damaturu direban ya juyo ya dube ta ya dube ni.

"Malam, tsakani da Allah, tsohuwar nan za ta kai kuwa? Ni fa ba na son rigimar 'yan sanda."

Kafin in buɗe baki Goggo ta ɗago kai. "Ja motarka, ɗana. Ba a cikin wannan akwalar zan mutu ba."

Fasinjoji suka kwashe da dariya. Ni kaɗai ne ban yi ba.

A Banki, kan iyaka, muka faɗa hannun wani mai jar hula. Hausa a bakinsa kamar ɗan cikin birnin Kano, yana ta kirana Alhaji, ni da ko filin jirgi ban taɓa gani ba. Ya tsallakar da mu wajen jandarmomi, wato 'yan sandan Kamaru, ya ɗaukar mana kaya, ya ce me zai kai mu har Marwa alhali babban likitan asibitin nan yana da gida a garin Mora da ke kan hanya, kuma amininsa ne. Na yi ta yi masa godiya har da sa albarka.

Gidan da ya kai mu ɗaki biyu ne da labule. Wani mutum ya fito da farar riga, ko sauraren ƙirjinta bai yi ba ya ce rashin ƙarfi ne, ya rataya ledar ruwa a ƙusa ya soka mata allura a hannu. Leda ta ƙare ya sa wata. A lokacin ban san komai ba, amma yau na sani: mutumin da ruwa ya riga ya cika wa ƙafafu da huhu, shi aka kama ana ɗura wa ruwa ta jijiya. Kafin la'asar Goggo ta fara tari tana kama iska da baki, leɓenta ya canza launi. Na leƙa waje neman mai jar hula, babu shi babu jakar da muka zuba dakakken gero da man shanu. Na dawo na ce wa mai farar riga ya cire allurar. Ya ce saura leda ɗaya. Ban taɓa ɗaga wa mutum murya a rayuwata ba sai ranar. Ya cire, na goya ta na fita.

Wani direban motar albasa ne ya gan ni a bakin titi da tsohuwa a goye. Ya tsaya, ya sauko da yaransa daga gaba ya sa ta a kujera, ni na hau kan buhuna. Har ƙofar asibitin Marwa ya kai mu, na miƙa masa abin da ya sawwaƙa ya ture hannuna. Ban san sunansa ba, ba mu ma ji yaren juna ba. Amma a kan buhunan albasar nan na yi wa kaina alkawari, duk wanda ya sake yi mini Hausa a ƙasar nan ba zan tanka masa ba.

Asibitin yana bayan gari, akwai rumfuna a harabarsa inda 'yan jinya ke girki da kwana. Aka karɓe ta nan take, aka yi mata wata allura, ba a jima ba ta fara fitsari kamar an buɗe famfo, numfashi ya ɗan sauka. Washegari likita ya zo, wani siriri mai tabarau. Ya auna damtsenta ya girgiza kai, ya saurari ƙirji da baya, ya duba jijiyar wuyanta, ya danna ƙauri, ya sa aka ɗora ta a sikeli kamar buhun gyaɗa, aka kuma ɗauki hoton ƙirjinta. Shi Faransanci yake yi, wata ma'aikaciyar jinya tana juya wa Goggo da Fillanci, Goggo kuma tana juya mini da Hausa. Wato mara lafiya ita ce tafintar kanta. Duk wanda ya san Goggo ya san an gama da ni.

Likita ya ɗaga hoton ya nuna wani farin abu a tsakiya. Ya dunƙule hannu ɗaya, sannan ya haɗa hannu biyu ya nuna ya girma.

"Goggo, me ya ce?"

"Ya ce zuciyata babba ce. Ai dama an sani."

"Sai me kuma?"

"Sai surutu."

Aka ba mu ƙwayoyi kala uku. Sannan ma'aikaciyar ta tsaya a kan Goggo tana kaɗa yatsa, tana maimaita wata kalma da na kama da kunnena sarai: manda, manda, manda. Ta juyo gare ni ma ta kaɗa yatsa ta ce manda.

"Wannan kuma fa, Goggo?"

"Kai ma ka ji. Sun ce ban da manda."

Na ji daɗi, domin wannan doka ce mai sauƙi. Kowa a wajenmu ya san manda, baƙin gishirin nan mai kama da dutse da ake kawowa daga ƙasar Barno, ana ba shanu, ana kuma sa wa a magani. Goggo ta ce rabonta da manda tun tana budurwa. Duk da haka na zazzage kayanmu kaf na duba ko wani ya saka mana ita a ƙulli. Babu.

Girki ya dawo kaina, ni da ban taɓa hura wuta ba. Na tafi kasuwa sayen kayan miya, na tsaya wajen mai gishiri. Fari ne tas, amma saboda ƙasar ba tawa ba ce na ce bari in tabbatar. Na nuna na ce, "Manda?" Ya washe baki ya ce, "Manda!" Na ja da baya. Na je wajen na biyu, shi ma ya ce manda. Na uku mace ce, har ta ɗebo ta miƙo mini tana cewa manda, manda. Na ce Inna lillahi, wace irin ƙasa ce wannan da har mandarsu fara ce? Na dawo ina gode wa Allah da ya sa na yi tambaya, na kwance ƙullin gishirin da matata ta sako mini daga Dutse, wanda na tabbata gishiri ne na gaskiya. Da shi na riƙa yi wa Goggo miya. In ta ɗanɗana ta ce salam, in ƙara. In ta ce har yanzu, in ƙara da dunƙule.

Kwanaki suka yi ta tafiya a haka. Ƙwaya ba ta taɓa wuce lokacinta ba, don ni nake ba ta da hannuna, in ce ta buɗe baki in duba ƙarƙashin harshe. Ta fi tsanar ƙaramar farar, wadda ke sa fitsari. Ta ce tana karya mata alwala, kuma wace irin mace ce za ta yi ta zirga-zirga da buta a gaban maza. Na roƙa, na yi wa'azi, na yi fushi, ta sha. Amma kumburi ya ƙi tafiya. Kullum da safe a ɗora ta a sikeli, likita ya duba ya ɓata rai. Ya ƙara yawan ƙwaya. Wata rana ya juyo kaina yana faɗa da Faransanci, ma'aikaciyar tana tayawa, manda dai, manda dai. Na ɗaga hannu sama na rantse da Allah ko ƙwayar manda ba ta shiga tukunyata ba.

"Goggo, gaya musu mana!"

"Na gaya musu. Sun ce kana da ƙoƙari."

Ban ga alamar yabo a fuskarsu ba.

A kwanakin nan ne kewar gida ta kama ni sosai. Burodinsu dogo ne kamar sanda, dawarsu ja, ko kiran salla sai in ji kamar ba irin namu ba. In na rufe ido sai in ga duwatsun Dutse da bishiyoyin dabino, da 'ya'yana suna rububin buɗe mini ƙofa. Ga hutun da na ɗauka a wurin aiki ya ƙare. Ga Goggo ta koma kwana a zaune. Na fara tambayar kaina, da hannu da ido, inda maƙabartar Musulmi take a garin.

A rumfar da ke kusa da tawa akwai wata dattijuwa, doguwa, mai wushirya, da tabon ƙuna a bayan hannun dama. Mijinta take jinya, ɓarin jikinsa ya shanye. Kowa Dada yake ce mata. Tun ranar farko ta yi mini sannu da Hausa, na ɗauke kai saboda alkawarin da na yi. Ta sake yi, na sake ɗaukewa. Ba ta fasa ba. Rannan ina tuƙa tuwo yana ta gudaji, ta taso ta karɓe muciyar daga hannuna ba tare da ta tambaye ni ba.

"Kawo nan, ɗan nan, kafin ka kashe baiwar Allah da gudaji. Kurma ne kai ko girman kai ne?"

"Ba kurma ba ne, Dada. An cuce ni ne a Mora."

"Ni ce na cuce ka?"

Ta gyara tuwon, ta buɗe tukunyar miya, ta ɗiga a tafin hannu ta lasa. Sai ta tofar.

"Wa zai ci wannan?"

"Goggo."

"Mai kumburin? Ba su hana ta ba?"

"Manda suka hana. Wannan gishiri ne, daga gida na zo da shi."

Ta dube ni ta daɗe. Sannan ta zauna a kan turmi ta riƙe kai, ta yi dariya har da hawaye, ta kuma yi salati.

"Kai ɗan wace ƙasa ne? A Fillancin nan, manda ai shi ne gishiri! Duk gishiri. Fari, baƙi, na gidanku, na gidan sarki."

 Na tuna masu gishirin kasuwa suna ta gaya mini gaskiya ina ja da baya. Na tashi da ludayi a hannu na shiga ɗakin marasa lafiya.

"Goggo! Kin san manda gishiri ce a nan?"

Ta gyara lulluɓi. "A rugarmu ba haka muke cewa ba."

"Amma kin gane abin da suke nufi?"

"Kai ka tambaye ni me suka ce. Ba ka tambaye ni me suke nufi ba."

Na rantse da na san hanyar tasha da ƙafa da na kama ta a lokacin. Na ɗauko mace daga Jigawa, na goya ta a Mora, na bar aikina da iyalina, ashe da hannuna nake zuba mata abin da ke shaƙe ta, ita kuma tana cewa in ƙara.

Dada ce ta shigo ta ce in fita. Ta zauna a bakin gadon, ta kama hannun Goggo, ta yi ta yi mata magana da Fillanci a hankali. Ina leƙe ta taga. Na ga ta nuna gadon da mijinta ke kwance a ɗaya ɓangaren, na ga ta nuna wajen da nake. Goggo, wadda ban taɓa ganin ta sunkuyar wa kowa kai ba, ta sunkuyar. Da na kawo miyar da Dada ta sake yi, babu gishiri ko kaɗan, sai daddawa da albasa da ɗan tsami, ta cinye tas.

A bakin Dada na fara jin bayanin ciwon da Hausa, yadda likitan ya yi mata a kan mijinta. Ta ce hawan jini ba yawan jini ba ne da za a rage da ƙaho. Hanyoyin jini ne ke matsewa, zuciya ta yi ta turawa da ƙarfi shekara da shekaru ba tare da mutum ya sani ba, har ta kumbura ta gaji. In ta gaji sai ruwa ya taru a ƙafa da huhu. Gishiri kuwa shi ke riƙe ruwan a jiki. Ƙwaya ɗaya tana fitar da ruwa, ɗaya tana sassauta hanyoyin jini, ɗaya tana taimakon bugun zuciya. "Kai kana zubawa ta sama, likita yana kwashewa ta ƙasa," in ji ta. "Yaushe za a gama?" Ta ce kuma ba magani ne na warkewa a ajiye ba, na har abada ne. Mijinta da ya ji sauƙi ya ajiye nasa, ga shi nan kwance.

Ba a daɗe ba idon sawun Goggo ya fito. Sikeli ya riƙa sauka, likita ya dafa kafaɗata ya faɗi wata magana da na ɗauka ta alheri ce. Ranar da na shigo na same ta kwance tana barci a miƙe, kai a kan matashi kamar kowa, na koma bayan rumfa na yi kuka.

Mijin Dada ya rasu kafin a sallame mu. Ina kasuwa aka fita da shi, na dawo na tarar da rumfarta wayam, ta bar mini muciyarta a kan tukunyata. Ban tambayi sunanta ba, don ba a tambayar babba suna. Ban tambayi garinsu ba, don ina ganin akwai gobe.

Dawowarmu ma labari ne, don ƙwayar fitsari ba ta san ana tafiya ba, kuma babu direban da bai zage ni ba daga Bama har Azare. Amma mun iso. Yau shekaru ke nan Goggo tana raye, tana kaɗa nono, tana zagina. Ina karɓo mata magani wajen wani likita a nan Dutse, yana auna ta lokaci lokaci. Gishiri kuwa ko a biki ba ta taɓawa.

To ga abin da ya sa na rubuta. Tun damina ƙafafunta suka fara nauyi kuma. Na bincika na tarar kunun kanwa take sha kullum da safe, wai yana wanke ciki, har a miyar kuɓewa da wake ana zuba mata. Na gaya wa likita, ya ce kanwa da gishiri a wajen zuciya duk ɗaya ne, ta bari yau ba gobe ba. Na je na gaya mata. Ta ce likitan yaro ne, ko gaisuwa bai iya da Fillanci ba. Na ce to ni fa? Ta ce ni da ban san manda ba zan koya mata kanwa? Na kai limami, na kai wani yayanta, na ɓoye kanwar ta aika aka sayo wata. Daga ƙarshe ta ce, "Dada gishiri ta ce in bari, na bari. Kanwa kuwa ba ta ambata ba. In ta ce in bari, zan bari."

Shi ya sa nake roƙon masu karatu, musamman direbobi da fatake masu bin hanyar Banki, Mora da Marwa. Dattijuwa ce doguwa, mai wushirya, da tabon ƙuna a bayan hannun dama. Tana jin Hausa da Fillanci, na taɓa jin ta ce tana sayar da busasshen kifi, mijinta ya rasu da shanyewar ɓarin jiki a wani asibiti a bayan Marwa. Duk wanda ya san ta, ko ya san garinsu, don Allah ya aiko da saƙo tashar motar Dutse, a ce a ba Sale masinja, kowa ya san ni. Ba sai ta zo ba. Ko a kaset ta yi magana ya isa, da Fillanci, ta ambaci kanwa da sunan da Goggo ba za ta iya kauce masa ba. In kuwa Allah ya yi mata rasuwa, a sanar da ni in yi mata addu'a, kuma in akwai wanda ta taɓa gaya wa abin da ta faɗa wa Goggo a bakin gadon nan, ya taimaka ya gaya mini. Na tambayi Goggo ya fi a ƙirga. Kullum amsarta ɗaya ce: "Da ka riƙe Fillancinka, Kaɗo, da ka ji da kunnenka."

Jiya na danna ƙaurinta, ramin ya zauna.